Sanyin Saye

Ƙarfe ɗayan dare a Kubwa, tsakiyar Maris.
Inna ta zo daga Jos ganin likitan ido,
ga ta kwance tana juyi kamar waina a tanda.
Ni na cika baki tun a mota:
"Ɗakinki akwai esi, Inna, sai kin nemi bargo."
To ga esi a bango tana gurnani,
tana huci kamar mai zazzaɓi.

Na ɗauki rimot, na sa sha shida.
Ba ta musa ba.
Ta rubuta sha shida da koren haske,
ta ci gaba da ƙaryarta.
Na ce ko yara sun mai da ita fanka,
na latsa har alamar ƙanƙara ta fito.
Na ciro batir na ciza, na mayar.
Ko a jikinta.

Na taka kujera na ɗaga murfi.
Ashe ragar ciki ta tsirar da gemu:
zaren labule, yanar gizo,
baƙin hayaƙin janaretan maƙwabta.
Shekara biyu ban leƙa ba.
Kunya ta kama ni a gaban roba da ƙarfe.
Na dirje ta da tsohon buroshin haƙori
har ruwan baho ya koma na kwata,
na goge, na mayar, na miƙa tafin hannu
kamar manomi mai auna yayyafin farko.
Iska ta ƙaru.
Sanyi bai biyo ta ba.

Sitabilaiza na ƙyas-ƙyas a lungu.
Na ce masu wuta ne, na zage su a zuci.
Can wuta ta cika, allura ta miƙe tsaye,
zagina ya dawo ya zauna a cinyata.

Da hantsi Shekwolo ya iso a babur.
Tun a ƙofa na yanke masa hukunci:
"Gas ne ya ƙare, ɗura kawai."
Ya ce, "Oga, gas ba kananzir ba ne, ba ya ƙonewa.
In ya ragu, akwai ƙofar da ya bi."
Ya bi bututun jan ƙarfe gaɓa-gaɓa da kumfar sabulu,
babu inda ta yi ƙwai.
"Ina 'yar uwarta ta waje?"

Muka zaga baya.
Tana cikin kejin da na sa aka yi mata walda,
sama tamfol, gefe falanki,
gaba buhunan gawayin Asabe uku.
"Wa ya ɗaure ta?"
Na ce ni ne. Bara an kwance ta gidan Sallau.
Ya ce, "Zafin da ake kwasowa daga ɗakinka
nan ake zubar da shi.
Ka aiki mutum zubar da shara, ka kulle masa bola."

Ya kwance noti huɗu.
Kafasita ta kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya kwana biyu,
kusa da ita ƙadangare, busasshe,
da hannu ɗaya a kan waya
kamar shi ma gyaran ya zo.

Dubu tara, har kuɗin mai.
Na yaye tamfol, na jide gawayi da kaina.
Kwamfuresa ta yi tari, ta yi tari, ta kama.
Bututu ya soma gumi.
Tiyo ya ɗiga a ƙasa: ɗis,
ɗis.

Bayan isha'i Inna ta kira ni:
"Tanko, rage wannan abu.
Sanyin garinmu daga dutse yake saukowa,
ya yi sallama, ya shigo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Wannan ko gaisuwa babu, gwiwa yake nema."
Ta ja bargon dai, har haɓa.
Kafin in kai ƙofa ta yi barci.

Na fito tsakar gida cikin zufa.
Jan idon mita na ƙiftawa a bango,
kowace ƙifta da kuɗinta.
Na tsaya ina kallo, ban kashe ba.